Dan Allah malamai, me ya sa Alƙur'anin Warshu ya bambanta da bugun Madina har a haruffa?

Abu_Hanan ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya kuma dan Allah wanda ya sani ya amsa min da ilimi ba da faɗa ba, don abin ya tsaya min a rai sosai. Ni Islamiyya na yi, Hafsu na iya, kuma tun ina yaro nake jin ana cewa akwai Warshu akwai Hafsu, amma a tunanina bambancin duk a baki yake, wato wannan ya ja madda wancan ya taƙaita, wannan ya ce yu'uminuna wancan ya ce yuminuna, shi kenan. To akwai Alƙur'ani rubutun hannu da muka gada wajen kakanmu, mai warwara ɗin nan da ake sawa a gafaka, da na zauna ina gwada shi da bugun Madina sai na ga abin ya wuce baki. A Ali Imrana inda muke cewa "wa sari'u ila magfiratin" shi babu wawun sam, "sari'u" kawai aka rubuta. A Hadidi mu muna cewa "fa innallaha huwal ganiyyul hamid" shi babu "huwa". A Shamsi ayar ƙarshe mu "wa la yakhafu" shi "fa la yakhafu". Har ƙidayar ayoyi ba ɗaya ba ce.

Da farko na ce ko marubucin ne ya yi tuntuɓen alƙalami, sai na duba Warshu na waya na ga haka yake a can ma. To in Sayyidina Usman ya haɗa mutane a kan mus'hafi ɗaya, daga ina wannan ya fito?

Tambaya ta biyu kuma a kan rubutun ne kansa. Me ya sa ake rubuta salatu da zakatu da wawu alhali alifi muke karantawa? Me ya sa rahama wani wurin ta kuri wani wurin buɗaɗɗiyar ta? Yarona yana ajin Larabci ana koya masa ƙa'idar imla'i, ya dawo gida ya buɗe mus'hafi ya ga akasin abin da aka koya masa. Dole ne a bar shi haka ko malamai sun yarda a gyara? Na gode.

Abu_Maryam_Ƙira'at ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Abu Hanan. Tambayar taka babu aibu a cikinta ko kaɗan, manyan malamai sun rubuta littattafai sukutum a kanta sama da shekara dubu da suka wuce, mu ne dai ba a karantar da mu a Islamiyyoyi.

Mu fara daga tushe. Saɓanin karatu tun Annabi (SAW) yana raye ake yinsa. Hadisin Umar da Hishamu ɗan Hakim yana cikin Bukhari da Muslim, Umar ya ji Hishamu yana karanta Furƙan a salla da wata irin ƙira'a da ba ita aka koya masa ba, da ƙyar Umar ya haƙura har Hishamu ya sallame, ya jawo shi har gaban Manzon Allah, aka sa kowa ya karanta, kuma kowanne aka ce masa haka aka saukar, sannan Annabi ya ce an saukar da Alƙur'ani a kan harafi bakwai. To menene harafi bakwai ɗin? Nan malamai suka yi ta magana, Suyuɗi a Itƙan ya ce zantukan sun kai wajen arba'in. Amma abu ɗaya da ya kamata ka riƙe, harafi bakwai ba su ne ƙira'o'i bakwai ba. Ƙira'o'i bakwai Ibnu Mujahid ne ya zaɓe su a Bagadaza, shi kuwa a 324 bayan hijira ya rasu, har malamai irin su Abu Shama suka yi ta jan kunne cewa lambar ta rikita jama'a.

Zamanin Usman kuwa Huzaifa ɗan Yamani ne ya dawo daga yaƙin Armeniya da Azarbaijan ya ga mutanen Sham da na Iraƙi suna neman su kafirta juna a kan karatu. Usman ya aika wa Hafsa ta ba da takardun da aka tara zamanin Abubakar, ya sa Zaidu ɗan Sabit da Abdullahi ɗan Zubair da Sa'idu ɗan Asi da Abdurrahman ɗan Haris suka kwafa. Ka lura, ba kwafi ɗaya suka yi ba. An aika Kufa, an aika Basra, an aika Sham, an bar na Madina, wasu ruwayoyin sun ƙara da Makka da wasu wuraren. Kuma tsakanin waɗannan kwafe-kwafen akwai 'yan wurare ƙidayayyu da harafi ya bambanta, malamai ba su ɓoye su ba, Abu Amru Addani wanda ya rasu 444 ya jera su ɗaya bayan ɗaya a littafinsa Almuƙni'u. Wuraren da ka gani suna ciki. Mus'hafin Madina da na Sham babu wawu a "sari'u", babu "huwa" a Hadidi, shi ya sa Nafi'u da Abu Ja'afar na Madina da Ibnu Amir na Sham duk haka suke karantawa. Ka ƙara da "wa ausa biha Ibrahimu" a Baƙara inda Hafsu ke cewa "wa wassa", da "man yartadid" a Ma'ida, da "bima kasabat" a Shura ba tare da fa ba. Mus'hafin Makka shi ma yana da nasa, Ibnu Kasir shi kaɗai yake karanta "tajri min tahtihal anhar" a aya ta 100 ta Tauba.

Abin da zai ba ka mamaki, wanda muke kira bugun Madina a yau karatun mutanen Kufa ne a ciki, don Hafsu ɗan Sulaimanu daga Asimu ya ɗauka, Asimu kuwa Kufa yake. Wanda kakanku ya bari shi ne karatun mutanen Madina na asali, Warshu sunansa Usmanu ɗan Sa'idu, Bamisire ne, ya yi tattaki zuwa Madina a 155 ya karanta a gaban Nafi'u, ya koma Masar ya rasu 197. Ƙidayar ayoyi ma haka, Hafsu ana bin ƙidayar Kufa 6236, Warshu ana bin ƙidayar Madina ta ƙarshe 6214, ba wai an rage kalma ko ɗaya ba, wurin da ake sa alamar aya ne ya bambanta. Misali Kufawa suna ƙirga "alif lam mim" aya guda, mutanen Madina ba sa ƙirgawa, kuma a Fatiha ba sa ƙirga bisimilla sai su tsaya a "an'amta alaihim" ta cika bakwai.

Ma'aunin da malamai suka tsaya a kai Ibnul Jazari ya taƙaita shi, ya rasu 833. Karatu sai ya dace da Larabci ko ta fuska ɗaya, ya dace da rasmu, wato ƙashin rubutu ba ɗigo ba wasali, na ɗaya daga mus'hafan Usman ko da ta yiwuwa ce, sannan isnadinsa ya inganta. Ka ga kalmar "ɗaya daga", ita ce amsar tambayarka. Kuma ba da wasa suka riƙi abin ba. Ibnu Shanabuz babban makaranci ne a Bagadaza, ya dage sai ya karanta abin da ya saɓa wa rasmu irin "famdu ila zikrillah" a Juma'a, aka gurfanar da shi gaban waziri Ibnu Muƙla a 323 har da bulala kafin ya janye. Ibnu Miƙsam kuma ta ɗaya gefen ya ɓullo, ya ce duk abin da rubutu ya ɗauka kuma Larabci ya yarda ana iya karantawa ko ba ruwaya, shi ma aka sa shi ya tuba. Wato ruwaya ba rasmu ba ta wuce, rasmu ba ruwaya shi ma bai wuce.

Maganar gyara rubutu zan dawo kanta in sha Allah, na ga rubutun ya yi tsawo.

Gardin_Gashuwa ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Malam Abu Maryam, wallahi ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Mu da muka tashi a tsangaya mun sha baƙin ciki a kan wannan magana. Ka yi limanci ka ce "maliki yaumiddin" ba ja, yaro ɗan shekara sha biyar daga sahu na uku ya ɗaga murya yana gyara maka, ka ce "ƙada aflaha" da naƙali, wato ka mayar da wasalin hamza kan dal, a ce ka haɗiye hamza. Akwai masallacin da aka hana wani alaramma shiga gaba saboda wai karatunsa na gargajiya ne, mutumin da ya yi satu ba sau ɗaya ba. In ba ka san satu ba, shi ne mutum ya zauna ya rubuta izu sittin da ka ba ya duba komai, kuma alarammomi su bi shi harafi harafi.

Kuma maganar rasmu da kake tambaya Abu Hanan, mu a wajenmu ba a ma ɗauke ka ka haddace ba sai ka san ta. Tun daga allo ake fara ta. Duk abin da sahabbai suka rubuta da baƙar tawada ake sa shi, abin da aka ƙara daga baya don a taimaki mai karatu da wata kala ake sa shi, wasulla da ja, alifin da aka sauke daga rasmu a ɗora shi da ja shi ne muke cewa alu ja, hamza da rawaya, alamar wasali da kore. Ka ɗauko na kakanku ka kalli "alkitabu" ko "assamawati" za ka ga abin da nake faɗa da idonka. In ka share duk mai kala a ranka ka bar baƙin kawai, to kusan abin da Zaidu ya rubuta ne a gabanka. Fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, wannan kuma salon mutanen Magrib ne da muka gada, ba ya cikin rasmu don ɗigo gaba ɗaya daga baya ya zo.

A darasu in ka rubuta rahama da ta kuri a inda take buɗe sai an sa ka wanke. Wuri bakwai ne a Alƙur'ani duka, Baƙara, A'arafi, Hudu, farkon Maryam, Rumu, sai biyu a aya ɗaya cikin Zukhrufi. Ni'ima kuma wuri sha ɗaya. Gardi na ƙwarai ko cikin barci ka tashe shi zai lissafa maka. Kuma ba ado ba ne, in numfashinka ya ƙare a kan "rahmata" ta farkon Maryam da ta za ka tsaya a Warshu da Hafsu duka, in ta kuri ce da ha za ka tsaya. Wanda ya ce a mayar da su duka iri ɗaya to ya taɓa karatu ba rubutu kawai ba.

Shawarata gare ka kada ka sa biro a wannan Alƙur'anin ka ce za ka ƙara wawu, na taɓa ganin wanda jikoki suka yi wa haka. Ka kai wa alaramman da ya san Warshu ya duba maka ko warƙoƙin sun cika kuma suna jere, a sake masa tadarishi in ya mutu.

Maman_Ilham ta rubuta:

Salamu alaikum. Alaramma Allah ya gafarta malam, duk abin da ka faɗa a kan rasmu gaskiya ne kuma ni kaina ina jin kunyar yadda ɗalibanmu na Islamiyya za su haddace izu talatin amma ka ba su takarda su rubuta sumuni ɗaya sai a ga abin tausayi. Amma ka yi haƙuri in faɗi ɗaya gefen, don shekaru ina koyar da mata da yara. Ba duk abin da ake ji a bakin gardawa ne Warshu ba. Warshu bai ce a mayar da lodi lam ba a ce "walal lallina", bai ce sa mai ɗigo uku da sin da sodi su zama abu ɗaya ba, bai ce zal ta koma zayi ba. Imalar ma, wato karkata fataha zuwa kisira, da ake cika ta har "wadduha" ta koma "walluhe", a hanyar Azraƙ ɗalibin Warshu ƙarama ce tsakanin fataha da imala, wuri ɗaya tak yake cikata, ha ta Ɗaha. Ka saurari Warshun da Shaihu Husari ya ɗauka ka ji. To matasan da suka tashi da tajwidi suka ji wannan sai suka haɗa kuskuren da ruwayar suka yi watsi da su tare, kuskurensu kenan, amma fa ba daga sama suka tsinci ƙorafin ba. Alhamdu lillahi yanzu akwai alarammomi da yawa da suka haɗa biyun, kuma musabaƙar da aka faro a Sakkwato a 1986 ta taimaka ƙwarai wajen gyaran baki.

A kan yara kuwa ni ina da damuwa ta gaske. Yarinya ta zo "la'azbahannahu" a Namli ta ga alifi a tsakiya ta karanta "la azbahannahu", kun ga ma'ana ta juye gaba ɗaya daga zan yanka shi zuwa ba zan yanka shi ba. Ko "bi'aidin" a Zariyati mai ya biyu. Baligar mace da ta fara karatu tana da shekara arba'in ga girki ga raino, wannan ba ƙaramin cikas ba ne gare ta. Kuma na karanta cewa Izzu ɗan Abdussalam, wanda ake kira sarkin malamai, ya ce a zamaninsa kada a rubuta wa jama'a mus'hafi da rubutun farko don kada jahilai su canza karatu. Baƙillani ma ya ce babu wani nassi da ya wajabta wani salon rubutu. To in manya irin waɗannan sun faɗa, me zai hana a buga na koyo da imla'in zamani a bar na asali ga masana?

Bazazzagi_77 ya rubuta:

Tunda an buɗe maganar bari in ƙara nawa, don ni abin da ke damuna shi ne yadda muke nuna kamar malamai ba su taɓa saɓani a nan ba, sai yaro ya shiga intanet wani Bature ko mai mishan ya jefo masa maganar ya rikice. Gara ya ji daga gare mu.

Ɗabari a tafsirinsa sau da yawa yakan kawo ƙira'a biyu ya ce wannan ta fi, wani lokacin ma ya ce ba ya halatta ɗayar, alhali yau tana cikin bakwai. Zamakhshari ya soki ƙira'ar Ibnu Amir a An'ami aya ta 137, har ya ce abin da ya ja shi shi ne ya ga "shuraka'ihim" an rubuta da ya a mus'hafin Sham. Malaman nahawun Basra sun soki makaranci Hamza, ɗaya daga bakwai ɗin, a "wal arhami" ta farkon Nisa'i. An ruwaito Imamu Ahmad ba ya son karatun Hamza saboda yawan imala da idgami. Sannan Ibnu Khaldun a Muƙaddima ya fito fili ya ce rubutun Larabawa lokacin sahabbai bai gama nuna ba, shi ya sa aka samu irin alifin "la'azbahannahu", kuma ya yi wa masu cewa akwai sirri a ciki raddi mai zafi. A ɗaya gefen ga Shaihu Abdul'aziz Dabbag a Ibriz yana cewa ko gashi ɗaya sahabbai ba su sa nasu a rasmu ba, duk daga Annabi ne.

Sai kuma maganar Goldziher, wani Bature mai nazarin Musulunci, wadda har yau ake yawo da ita, cewa tunda mus'hafan farko ba ɗigo ba wasali, kowa ya karanta yadda ya ga dama ne, shi ya sa aka samu "fatabayyanu" da "fatasabbatu" a Hujurati, ko "nunshizuha" da "nunshiruha" a Baƙara. Malam Abu Maryam ina son in ji yadda za ka amsa wannan ba tare da an ce min kawai haramun ne tambaya ba.

Abu_Maryam_Ƙira'at ya rubuta:

Ba haramun ba ne Malam Bazazzagi, kuma duk abin da ka jero yana cikin littattafanmu, ba Bature ne ya tono su ba.

Maganar Goldziher ka gwada ta da kalma ɗaya. Mim lam kaf, haka aka rubuta ta ba alifi a Fatiha, haka a Ali Imrana "malikal mulki", haka a Nasi "malikin nas". In da rubutu ne ke haifar da saɓani da sai a samu saɓani a duka ukun. Amma makaranta goma, wato bakwai ɗin nan da wasu uku, duk sun ja ta a Ali Imrana, duk sun taƙaita ta a Nasi, a Fatiha kaɗai suka rabu, Asimu da Kisa'i da Yaƙubu da Khalaf suka ja sauran suka taƙaita. Wa ya hana su a sauran biyun in ba abin da suka ji daga bakin malamansu ba? Wuraren da ƙashin rubutu zai iya ɗaukar karatu biyar amma kowa ya karanta iri ɗaya ba su ƙirguwa. Kuma hukuncin da aka yi wa Ibnu Miƙsam da na ambata, ai daidai wannan ra'ayin ne aka hukunta tun ƙarni na huɗu.

Ɗabari kuwa a 310 ya rasu, kafin zaɓin Ibnu Mujahid ya zauna da gindinsa, lokacin kowane malami yana auna ruwayoyin da suka iso shi ne. Wadda ba ta iso shi ta hanya mai ƙarfi ba ta iso wani. Zamakhshari kuma Abu Hayyan ya ba shi amsa a Bahrul Muhiɗ da zafi, Ibnu Malik mai Alfiyya ma ya kafa hujja da ƙira'ar Ibnu Amir ɗin ya halatta wannan ginin jimlar. Ibnu Amir a 118 ya rasu, Balarabe ne da ya riski sahabbai, ƙa'idar Basra ce ya kamata a auna da shi ba shi za a auna da ita ba.

A kan rasmu, ni dai ra'ayina ba sai mun ce daga sama aka saukar da kowane alifi ba kafin mu ce wajibi ne a kiyaye shi. Hadisan da ake kawowa cewa Annabi ya koya wa marubuta yadda za su ja harafi ba su inganta ba, kuma Ganim Ƙadduri na Iraƙi ya nuna da yawan abin da muke gani baƙo haka Larabawan lokacin suke rubutu har a kan duwatsu. Ibnu Khaldun ya yi gaskiya da ya ƙi tatsuniyar sirri, inda ban bi shi ba shi ne auna rubutun sahabbai da ƙa'idar da aka kafa bayansu. Hujjar kiyayewa ita ce ijma'in sahabbai da kuma aikin da rasmun yake yi. An tambayi Imamu Malik ko a rubuta mus'hafi da sabon hijja'in da mutane suka ƙirƙiro, ya ce a'a sai dai a kan rubutun farko, Addani ya ce babu malamin da ya saɓa masa. Ka duba Zukhrufi aya ta 19, Hafsu "ibadur rahman" Warshu "indar rahman", ƙashin rubutu ɗaya ya ɗauke su duka saboda ba a sa alifi ba. Ranar da ka sa alifin da baƙi ka kori ƙira'ar Nafi'u daga shafin.

Abin da Alaramma ya faɗa na ni'ima ma akwai wani masani ɗan ƙasar Holan, Marijn van Putten, da ya bi tsofaffin mus'hafai na ƙarnin farko a 2019 ya ga wuraren da aka buɗe ta da wuraren da aka rufe sun dace da juna daga kwafi zuwa kwafi, ya ce wannan ba zai yiwu ba sai in duk daga rubutaccen asali ɗaya aka kwafo su. Abin da gardi ke wanke allo a kansa ke nan.

Malama Maman Ilham, maganar Izzu gaskiya ce Zarkashi ya kawo ta a Burhan, amma nan take ya ce kada a sake ta haka don kada ilimin ya ɓace. Damuwarki kuma an magance ta da alamomi ba da canza ƙashi ba. Kwamitin da ya fitar da bugun Alƙahira a 1924 da kuma na Madina da Usman Ɗaha ya rubuta duk sun sa ɗan ƙaramin sifili a kan alifin da ba a karantawa, ki duba "la'azbahannahu" za ki gan shi. Malik ɗin ma da ya tsananta, ya yi sauƙi a sa wasulla a allunan yara da ƙananan mus'hafan koyo. Aya ɗaya ko biyu a littafin makaranta ko jarida da imla'i, malamai da yawa ba su ga laifi ba. Cikakken mus'hafi ne ake magana.

Na_Gwandu ya rubuta:

Salamu alaikum, Allah shi gafarta malamai. Ni abu guda zan ƙara don 'yan uwanmu matasa su san wanga karatu na Warshu ba na jahilai ba ne kamar yadda wasu suka ɗauka. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo bayan da yag gama Liya'ut Tawili, ya sake wani tafsiri ƙarami, Kifayatu Du'afa'is Sudan, shi kuwa bisa ruwayar Warshu yab bi da shi don ita mutanen ƙasag ga ka karantawa. Sarkin Musulmi Bello kuma cikin Infaƙul Maisuri ya yabi mutanen Barno bisa karatun Alƙur'ani da hardace shi da rubuta shi. Hafsu kuwa yaɗuwatai ko'ina ta samu ne da daular Usmaniyya da injin buga littafi, nan wajenmu kuma da Islamiyyu da kaset da mus'hafan da alhazai ka kawowa. Ibnul Jazari da kainai ya ce zamaninai mutanen Sham da Hijaz da Yaman da Masar ƙira'ar Abu Amru suka yi. Har yau Maroko da Aljeriya da Muritaniya Warshu a ka yi, Libiya Ƙaluna, Sudan akwai Duri, kuma ita ma'aikatar Sarki Fahad ta Madina tana buga su duka.

Ga batun salla, mai Hafsu shi bi mai Warshu, mai Warshu shi bi mai Hafsu, babu komi. In ba ka san ruwayar da liman ka karantawa ba to kada ka yi gaugawar gyara mai, bari a sallame ka tambaya. Liman shi ma in ya san jama'atai ba su taɓa jin wata ƙira'a ba, shi fara karantar da su bayan salla kafin shi kai musu ita cikin mihrabi.

Abin da ad da haɗari shi ne cakuɗawa ga wanda bai sani ba, kuma ya yi yawa yanzu ga waɗanda sunka fara da allo sunka koma Hafsu. Nawawi ya ce in ka fara da ƙira'a ka zarce da ita muddin maganar tana haɗe. Ku ɗauki "fatalaƙƙa Adamu min rabbihi kalimatin" cikin Baƙara, jama'a sun yi rufu'a ga Adamu, Ibnu Kasir ya ce "Adama" sannan "kalimatun". In ka ɗauko "Adama" daga wajenai ka haɗa da "kalimatin" ta sauran, jimla ta tashi ba mai aikatawa, kuma babu makaranci ko guda da yak karanta hakanan. Irin wanga Ibnul Jazari ya ce haramun ne kai tsaye, wanda kuwa bai taɓa ma'ana ko i'irabi ba ya sassauta ma mai tilawa, amma banda wanda ka cewa ruwayar wane ce shika karantarwa.